Sallar Bazara a Gidajen Toranke

  

Toranke gari ne na manoma a ƙasar Gaya, gabas da birnin Kano, cikin ƙaramar hukumar Ajingi, ba nisa da iyakar Jihar Jigawa. Wanda ya taso daga birni sai ya ƙetare gadar Wudil, ya bi ta Gaya, kafin ya kai. Gero da dawa da wake da gyaɗa su ne arzikin wurin, kuma da abin da ya shiga rumbu da kaka a ke auna shekarar kowane gida. Wanda ke son ya san ko gida ya tsaya da ƙafafunsa, ba da kaka zai duba shi ba, sa'ad da kowa ke da dami a ƙofa. Ya dube shi da bazara, musamman in azumi da Salla suka faɗo a cikinta.

Sanin malamai ne shekarar wata ta gaza ta rana da kwana 11 ko kusa da haka. Saboda haka azumi ba ya zama wuri guda, yana kewaya damina da bazara da ɗari da kaka, ya komo inda ya fara cikin wajen shekara 33. A 2022 an yi Ƙaramar Salla ran 2 ga Mayu, a 2023 ran 21 ga Afrilu, a 2024 ran 10 ga Afrilu, a 2025 ran 30 ga Maris. Duk waɗannan cikin zafin bazara ne. Kafin su an yi irin wannan a wajen 1990, kafin nan kuma a wajen 1958, har akwai tsofaffi a Toranke waɗanda suka ga zagayen nan sau uku. Azumi dai yana ja da baya zuwa ɗari, amma gidaje ba su rabu da Sallar bazara ba, domin Babbar Salla tana bin Ƙarama da wata biyu da kwana goma. An yi ta ran 6 ga Yuni a 2025, lissafi kuwa ya kai ta ƙarshen Mayu a 2026, daga nan ta ci gaba da shiga cikin zafi shekara bayan shekara.

Bazara lokaci ne mai wuyar sha'ani ga mai iyali. Rana takan kai awo 40 a ma'aunin zafi, rijiya ta yi nisa, guga ya dawo da laka. Maza sun tafi cin rani ko suna sharar gona da kai taki a kan jakai da amalanke. Rumbu ya sauka, har mai ɗibar hatsi sai ya shiga ciki da jikinsa. A cikin wannan hali ne za a ciyar da masu azumi kwana 29 ko 30, a fid da zakkar kono, a ɗinka wa yara tufafi, a yi tuwon Salla, sa'an nan kuma a bar iri domin shuka. Gidan da ya iya wannan bai iya shi da yawan kuɗi ba, galibi da hannun mutanen gidan ya iya shi, manya da yara.

A fara da yara, tun da su ne abin ya fi daɗa wa daɗi, su ne kuma ya fi wahalarwa. A mazhabar Imamu Maliku azumi bai wajaba a kan yaro ba sai ya balaga, haka Ibn Abi Zaid ya kawo a Risala. Amma yaro ba ya yarda a bar shi a baya. Ɗan shekara 8 zai tashi sahur ya ci tuwon dawa da miyar kuka tare da manya, ya rantse yau sai ya kai. Kafin azahar ya yi laushi, yana kewaya randa kamar kaza. A nan ne kaka takan shiga tsakani, da wasan nan na kaka da jika. Takan ce, "Haba angona, sha ruwa, na ɗinke maka rabin jiya da rabin yau, ya zama guda." Shi kuwa ya ce, "Iya, ke dai so ki ke in sha don in taya ki." A yi dariya, yaro ya sha, ba a karya masa zuciya ba. Wannan hikima ce, domin matsa wa ƙaramin yaro ya kai azumi cikin irin wannan rana ba taƙawa ba ce. Mutanen Kano ba su manta da sanƙarau na 1996 ba, wanda ya zo da zafin shekarar ya ɗauki yara masu yawa a ƙasar Arewa. Tun daga nan masu hankali suka ƙara kula da kada a cunkushe yara a ɗaki guda da dare, a shimfiɗa musu a tsakar gida.

Wanda ya ɗan tasa kuwa, ya kai 11 ko 12, akan bar shi ya gwada, sai a nema masa abin da zai shagaltar da hannunsa. Wannan ma yana da asali. Buhari da Muslimu sun ruwaito daga Rubayyi'u 'yar Mu'awwizu cewa sahabbai sukan sa yaransu azumin Ashura, su yi musu abin wasa da gashin tumaki, in yaro ya yi kukan yunwa a miƙa masa, har lokacin buɗa baki ya yi. Abin da matan Madina suka yi da gashin tumaki, shi yaran Toranke ke yi da karan dawa.

Kara ba ya tsada, yana nan jingine a bayan kowane danga tun kaka. Yaro ya zaɓi mai kauri wanda bai ruɓe ba, ya feƙe ɓawon da wuƙa siri-siri, ya yanka tsokar cikin gunduwa-gunduwa. Ɓawon shi ne ƙusa, tsokar ita ce katako. Da su zai haɗa mota mai ƙofa da wurin zaman direba, ya yanko ƙafafu daga fasasshiyar ƙwarya ko tsohon silifa, ya soka dogon sille ya zama sitiyari. Wani ya yi tabarau, wani keji, wani babur. Wanda ya sami gwangwanin madara da langa-langa ya zama attajiri a cikinsu. Mai kallo zai ce wasa ne, amma a duba da kyau: yaron nan yana aunawa, yana daidaita tsawo da tsawo, in ƙafa ɗaya ta fi ɗaya motar ta karkace sai ya warware ya sake. Kafinta da maƙeri da mai gyaran babur duk daga nan su ke farawa. Ƙasar Gaya kuwa ba baƙuwar sana'ar hannu ba ce, don labarin da aka gada ya ce maƙeran farko da suka zauna a gindin Dala daga Gaya suka fito, su ne a ke kira Abagayawa.

'Yan mata su kuma suna gindin uwayensu. Ƙanana suna tuwon ƙasa, suna gina 'yan tukwane da yumɓu su shanya a rana, suna goya 'yar tsana ta kara ko ta ƙashi wadda aka yi wa kitso da zare. Akwai masu ƙyamar 'yar tsana saboda hukuncin sura, amma ya tabbata Nana A'isha ta yi wasa da irinsu a gidan Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, kuma Alƙali Iyal, mai littafin Ashafa ɗin nan da a ke karantawa a masallatai cikin azumi, ya tafi a kan an yi rangwame ga 'yan mata domin su saba da renon 'ya'ya. Waɗanda suka girma kaɗan an ba su kaba da rini. Mafici su ke fara koya, don shi ne mai sauƙi kuma shi ne a ke nema da bazara, daga nan faifai, wanda za a rufe kwanon tuwon Salla da shi. Yarinyar da ta saƙa faifai uku ta sayar, ta sami kuɗin kwalli da ɗan kunne ba ta roƙi kowa ba.

A tsangaya ma hannu ba ya zama banza. Almajiri ya feƙe alƙalamin gamba, ya dafa tawada da ƙaro, in ya wanke allo ya ɗauko hular da ya ke ɗinki. Gardawa da yawa da kuɗin ɗinkin hula su ke yin kayan Salla.

Hausawa sun kasa azumi uku: goma ta marmari, goma ta wuya, goma ta ɗokin Salla. Da goman farko ta cika sai tashe ya fito, a nan ne kuma aikin karan nan ke nuna amfaninsa. Yara maza su ɗaure kara su yi doki, da kai da wuya da wutsiyar tsumma, yaro ya shiga tsakiya ya rataya shi a kafaɗa, a naɗa masa rawani da tsohon zane. Sauran su zama dogarai da 'yan kira, ganga kuwa gwangwani ce da aka ɗaure wa fata. Hawan sarki su ke kwaikwayo, kuma ba nesa su ke ɗauko shi ba, tun da Gaya gari ne na sarauta, masarautarsa ta haɗa Gaya da Ajingi da Albasu bisa dokar 2024. Wani yaron ya liƙa gemun auduga ya tanƙwara baya ya zama tsoho, wani ya rataya layu da saiwoyi ya zama mai magani, ana yi wa gwauro ba'a a tashe shi. 'Yan mata su kife ƙwarya a kan ruwa su kaɗa, su kwaikwayi zaman aure da kishi da reno. Suna bi gida gida bayan an sha ruwa, ana ba su gero ko ɗan kuɗi.

Malamai sun saɓa a kan tashe, kuma masu sukarsa ba su rasa hujja ba. A 2022 rundunar 'yan sandan Jihar Kano ta ba da sanarwar hana shi, ta kuma maimaita a wasu shekaru bayan nan, saboda ɓata-gari sun riƙa fakewa da shi suna ƙwace da faɗan daba, galibi a unguwannin birni. Inda hukuma ta hana, bin ta shi ne daidai. Amma a rarrabe tsakanin ƙato mai wuƙa a ƙugu da ɗan shekara 9 mai dokin kara. Wasan yara a lokacin farin ciki ba abin ƙi ba ne a shari'a, tun da Habashawa sun yi wasa da masu a masallacin Madina ranar idi, Annabi kuwa ya bar Nana A'isha ta kalla. Abin da ya kamaci maigida shi ne ya sa iyaka: wasan ya tsaya a tsakar gida da ƙofar dangi, kada a haɗa maza da mata waɗanda suka tasa, kada ya ci lokacin asham, kuma a dawo kafin dare ya raba. Uban da ya karya dokin karan ɗansa da sunan tsoron Allah, sa'an nan ya miƙa masa waya ya kwana yana kallon abin da shi uban bai sani ba, bai yi ciniki mai riba ba.

Sai madafa, inda nauyin watan ya fi sauka. Mace tana azumi kamar kowa, amma tun la'asar tana gaban murhu. An surfa gero an wanke, an zuba citta da kanumfari da barkono an kai inji, an tace an sami gasara. An jiƙa tsamiya tun hantsi. Ruwa ya tafasa a sheƙa a kan gasara, a zuba ruwan tsamiya, kunu ya yi. Wake kuma an surfe shi an fid da ɓawo, an markaɗa da albasa da attarugu, sai bugu, don ƙosai ba ya tashi in ba a buga shi ya sha iska ba. Man da za a soya shi na gyaɗar gidan ne, wadda aka soya aka niƙa aka matse, tunkuzar ta zama ƙuli-ƙuli. A kowane mataki akwai aikin yaro: wannan ya kai niƙa, wannan ta tsince wake, wannan ya ɗebo ruwa ya cika randa don ya yi sanyi kafin magariba, wannan ta kai kunu masallaci da gidan tsohuwar da ba ta da kowa. Yarinyar da ta yi azumi uku tana taya uwarta, ba sauran wanda zai koya mata dama kunu.

Akwai abin gyara a nan. Gidaje da yawa sukan ɗora wa 'yan mata tallan ƙosai da kunu har bayan isha, karatunsu ya tsaya cak wata guda. Talauci ne ke sa wasu, ba a musu. Amma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kakkausar magana a Nurul Albabi a kan mazan da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci alhali suna moriyar aikinsu. In tallan ya zama dole, a yi shi da sauran rana a ƙofar gida, ko ɗan'uwanta namiji ya ɗauka.

Goman ƙarshe ta ɗoki ce ga yara, ta lissafi ce ga maigida. Tela ya cika da ɗinki, 'yan koli sun baza kaya, fatake sun kawo atamfa da shadda daga Kantin Kwari. Yara suna ta tambaya, "Baba, yaushe za a kai namu?" A nan ne ƙafar mutane da yawa ke zamewa. Mutum ya ga maƙwabci ya yanko shadda, shi kuwa ba shi da kuɗi, sai ya buɗe rumbu. Ya fara da abin ci, ya ce damina ta kusa. Daga nan hannu ya kai ga damin da aka ware tun kaka, mai manyan zangarniya, wanda aka rataye don iri, ko buhun gyaɗar da ba a ɓare ba. Ya sayar a mako guda ya yi kayan Salla, ruwa ya sauka bayan mako shida, ya koma kasuwa neman iri da tsada, irin da bai san asalinsa ba, ko ya ci bashi a kan amfanin da bai shuka ba. Shekarun nan sun tsananta wannan. A farkon 2023 aka yi ƙarancin takardun kuɗi saboda canjin naira, mutanen ƙauye suka shiga azumi da hatsi a hannu ba mai saye da tsaba. Ran 29 ga Mayu na shekarar aka janye tallafin man fetur, azumin 2024 ya zo da tsadar abinci wadda ta sa gidaje da yawa suka rage kwanon da su ke fitarwa sadaka.

Shari'a ba ta ɗora wa kowa sabuwar riga ba. Abin so ne mutum ya sa mafi kyawun abin da ya ke da shi, ko wankakke ne. Abin da ta ɗora shi ne zakkar kono: sa'i guda a kan kowane rai da mutum ke ciyarwa, babba da yaro, watau mudun Annabi 4, daga abincin da mutanen gari suka fi ci, wanda a Toranke gero ne ko dawa. Gida mai mutum 12 zai auna mudun Annabi 48. A fitar kafin a tafi idi, an kuma yarda a gabatar da kwana ɗaya ko biyu. Kyakkyawar al'ada ce maigida ya tara yara sa'ad da ya ke awo, yana ambaton sunan kowa, har jaririn da ke goye, sa'an nan ya aike su da ƙwarya zuwa gidajen da ya sani. Yaron da ya ga an auna mudu huɗu da sunansa an kai wa wani, ya koyi babin zakka tun bai kai shi a Risala ba. 'Yan kasuwa masu karanta wannan shafi kuwa sun fi kowa sanin wanda ke kawo musu iri a jajibiri. Wanda ya ce wa irin wannan, "Malam, mai da wannan gida, ɗauki yadi ka biya da kaka," ya yi abin da ba za a rubuta a littafin bashi kaɗai ba. Wanda kuma ya danne mudu don ya ga mutum a matse, shi ma akwai inda a ke rubutawa.

Gidan da ya shirya tun da wuri ba ya shiga wannan ƙunci. Uwargida ta kiwata 'yan kaji da zabi tun ɗari. Ta shanya kuɓewa da kuka, ta ajiye kabewa a ƙarƙashin gado, ta daka daddawarta. Lalle yana bayan gida, a tsinko ganye a shanya a daka, a kwaɓa, a ƙunsa wa yara a ƙafa da ganye da tsumma, hannu kuwa a zura a zunguru, su kwana suna juyi ba su yi barci ba don ɗoki. Kwana biyu kafin Salla mai kitso ba ta tashi daga kujera. Masu hali su yi nakiya da garin shinkafa da kayan yaji da man shanu da zuma ko sukari, su yi alkaki da alkama, abubuwan da ke jure zafi ba su lalace ba. Marasa hali su soya cincin kaɗan, ba wanda zai zarge su.

Daren da aka ji sanarwar ganin wata daga fadar Sarkin Musulmi, mata ba sa runtsawa. An jiƙa shinkafar waina an niƙa, ƙullu ya kwana ya tashi, tun asuba tanda tana kan wuta. Tukunyar taushe tana tafasa da kabewa da yakuwa da gyaɗa. Gidan da shinkafa ta gagara a tuƙa tuwon gero ko na dawa, a kyautata miya. Sunna ce a Ƙaramar Salla a ci wani abu kafin a fita, a Babba kuwa a jinkirta sai an dawo. Maza da yara su tafi filin idi da kabbara, su bi wata hanya su komo ta wata.

Daga nan sai rabon tuwo, wanda shi ma aikin yara ne. Kwano ya fita a rufe da sabon faifan nan, ya je gidan gwaggo, ya je gidan kawu, ya je gidan liman da na malamin tsangaya, ba ya dawowa wofi. Kafin azahar gida guda ya ɗanɗana miyar gida bakwai, wanda bai ɗora tukunya ba ma ya ƙoshi, kuma ba a san wanda ya ba wani ba. Da Sallar bazara sai a yi hanzari, domin taushe ba ya kai yamma cikin zafin nan in ba a ɗumama shi ba. Da la'asar yara su fita yawon barka da Salla, a haɗa ƙanana da yayyensu, a ja musu kunne a kan bakin titi da masu babura. Jika ya durƙusa gaban kakansa ya ce, "Barka da Salla, Malam, ina goron Sallata?" Tsoho ya ce shi ne ma ya kamata a ba, tun da an ƙwace masa mata, sa'an nan ya laluba aljihu.

Bayan kwana uku baƙi sun watse, lalle ya fara dushewa a tafin 'yan mata, dokin kara ya karye an sa shi a murhu. 'Yan cin rani da suka zo Salla ba su koma ba, suna gyaran fartanya da sungumi. Shamuwa ta iso ta sauka a kan kuka, gabas ta fara haɗa hadari da yamma. Maigida ya sa a sauko da damin iri daga inda aka rataye shi, mata su sussuka, yara su zauna a tabarma suna ɓarar gyaɗa, ana ware mai ƙwari gefe guda.